Gidan da Ba Shi da Ƙasa

Dukiyar ɗan Adam, tun daga farkon duniya har ranar da za a naɗe ta, iri biyu ce: wadda ke ƙaruwa kana barci, da wadda ke cin kanta kana barci. A Doha na fahimci haka, kuma ba a jami'ar da nake koyarwa ba, a wurin maƙwabcina ne a unguwar Nu'aija, wani likita dattijo mutumin Gusau.

A shekarar kullen annoba, lokacin da muke gaisawa ta bayan takunkumi kamar masu jin kunyar juna, Likita ya kwana ya wuni a asibiti. Abin da ya tara a wannan wahala, da na shekarun baya, ya ware shi ne don ɗan asibitin da zai gina a gida idan ya ajiye aiki. Sai wani Bature abokin aikinsa ya ce zai sayar da gidansa na Ingila. Likita yana da 'ya da ke karatu can, haya tana cinye shi. Ya ga hanya ta miƙe: yarinya ta zauna ciki, idan ta gama a sayar da riba, a kai Gusau a sa tubali.

Ya nuna min hoton a waya. Wani siririn jirgin ruwa ne na ƙarfe, dogo kamar taragon jirgin ƙasa, faɗinsa da kaɗan ya fi mutum ya buɗe hannuwa. Yana ɗaure a ɗaya daga hanyoyin ruwan da kakannin Turawa suka haƙa don dakon kwal. Akwai gado, akwai murhu, har da tukwanen furanni a kan rufi.

Na ce, "Likita, ai wannan jirgi ne."

Ya ce, "Malam, kai da karatu ya yi wa yawa. Inda mutum ke kwana ya dafa abinci, mene ne sunansa? Ka taɓa jin wanda ya sayi gida ya faɗi?"

Ban taɓa ji ba. A wurinmu ko kango ka saya, da ƙadangarunsa, bayan shekara biyar dillalai za su riƙa gaishe ka da ladabi. Ga shi kuma a lokacin Turawan da kulle ya ishe su suna ta rububin irin waɗannan jirage, kuɗinsu na hawa. Ya saya a kan amana, bai sa an fito da shi daga ruwa an duba cikinsa ba. Wa ke ɗaga gida ya leƙa ƙarƙashinsa?

Yarinyar ta yi hunturu ɗaya a ciki, ta koma ɗakin ɗalibai. Jirgin ya zauna, ana biyan kuɗin wurin ɗaure shi duk wata, kamar dokin da ba a hawa.

Ana tsakiyar gasar cin kofin duniya aka shaida wa Likita ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Wata yamma muka fita Corniche, titin bakin teku. An hana motoci, jama'a ta ko'ina da tutoci da ganguna, jiragen katako na Larabawa sun sha fitilu suna yawo da baƙi. Muka sami benci muna kallon benayen unguwar West Bay. Likita ya juyo ya dube ni.

"An fito da jirgin daga ruwa," ya ce. "Mai awo ya ce tsatsa ta ci ƙarfen ƙasan, ya yi siriri. Ba mai ba shi inshora sai an yi masa sabon ciki, kuɗin gyaran kuma ya kusa kamo kuɗin jirgin."

Na yi masa jaje kamar yadda ake yi wa wanda gobara ta shafa.

"Ka san abin da na gano da furfurata, Malam? Duk gidajen da na ga sun yi daraja, ba ginin ba ne. Ginin tsufa yake yi kamar ni. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke tashi. Ni kuwa na sayi gini na ɗora a kan ruwan gwamnati." Ya kakkaɓe hularsa. "Khalas, shi ke nan. Asibitin sai dai ya zama shagon magani."

Na yi masa abin da na iya, wato jawabi. Na ce kowane abin duniya aro ne, jikinmu ma tun ranar suna yake raguwa, ladan niyya kuma tsatsa ba ta cin sa. Ya saurara da haƙurin da likitoci ke saurarar majinyacin da ya karanta cutarsa a waya.

Bayan ya koma Gusau aka sami mai sayen jirgin. Injin kawai mutumin yake so. Sauran ƙarfen a kan kilo aka auna.