Ƙwallon da Mai Duba Makarantu Bai Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya, kafin mai shara ta gama jiƙa tsumma, Malamin Kimiyya ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje yana ɗiga wa tayoyin 'yan kurayensa mai. Kuraye biyu ne na katako, irin na tura kaya, an ɗaure su da zare, da sifirin, wato lanƙwasasshiyar waya mai turi, matse a tsakaninsu. Ya yanke zare, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma.

"Kun gani? Duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka daidai wa daida. Doka ce."

Sai ya sake haɗa su, amma a ɓoye ya cusa ɗan ƙwallon ƙarfe. Yana yanke zare, ƙwallon ya sulale gefe ya shige ƙarƙashin kabad, kurayen kuwa su karkace, su ƙi bin layi ɗaya.

"To, doka ta karye ke nan?"

"Malam, hannunka ne ya fara rawa!" in ji 'yan matan baya.

Ya bari su yi ta gardama, sai daf da ƙararrawa ya ce, "Yaya, ina ɓarawon?" Mai shara ta zaƙulo ƙwallon da tsintsiya. A nan yake bayani: haka masana suka ga ƙwayar zarra ta harba wani ɗan ɓarɓashi, amma ba ta ja baya ta inda ya kamata ba. Ba su zargi doka ba. Suka ce akwai na uku da ya tafi da sauran turin, ido bai kama shi ba. Shi ne nutirino, daga baya kuma aka same shi.

Mai shara, matar da ba ta taɓa riƙe alli ba, ta gane wannan. Mai duba makarantu, da takardunsa cike da jaka, bai gane ba! Ya shigo ana tsakiyar darasi, ya ji "doka ta karye", wayarsa ta yi ƙara, ya fice. Ya je ya rubuta wai malam yana koyar da ƙarya. Takardar nan tana cikin fayil ɗin malam har yau, ga shi ranar Alhamis zai ajiye makulli ya yi ritaya.

Da mai shara ta ce ya kai ƙara, dariya ya yi. "Yaya, ai yaran sun gane."

Malam, kai ne ka haƙura, bawan Allah, mu ba mu haƙura ba. Kai ne mai haƙurin jiran yaro ya gano da kansa. Kai ne ba ka taɓa korar mai shara daga bakin ƙofa don tana saurare ba. Mun gode, Allah ya saka. Malamai masu tasowa, ku koyi wannan jiran.

Ku kuma na ofis, ku cire takardar nan kafin Alhamis. Darasinsa na ƙarshe ƙarfe goma ne. A turo mai dubawar, a karɓe masa waya a bakin ƙofa, ya zauna a benci har a kaɗa ƙararrawa.