Akuyata ta yi ɓari, ni ma na yi

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba. Masu aiko saƙo suna tambayar lafiyata, ku yafe mini, na gani, amsawa ce na kasa. Da girmana na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri, amma yau zan faɗa muku duka.

Ƙauyenmu yana kusa da Garhanga. Ɗiyana uku. Mai gidana yana bidar kuɗi a Abijan, bisashen gida duk a hannuna suke. Da damina ina da ciki wata biyar.

Wanda ya san ni ya san yadda nake da sange, wato gidan sauro. Tun da palu, masassarar cizon sauro, ya kusa raba ni da babbar ɗiyata, ba mai kwana a gidana ba a cikin sange ba. Maganin da ake ba masu ciki wurin awo ban taɓa tsallake shi ba. Na ɗauka na gama da sauro.

Bana ruwa ya yi yawa, fadamar bayan gari ta cika. Sauro ya taso har da rana, yana bin bisashe. Cikin sati ɗaya awakina uku suka yi ɓari. Ta huɗu ɗan ya maƙale mata. Na sa hannu na jawo shi, kamar yadda na ga uwayenmu suna yi.

Da ta fara shure-shure, uwar mijina ta ce, "Ke Rabi, kira mai yanka tun ba ta zama mushe ba."

Aka yanka. Ni na wanke hanjin, ni na kasa naman.

Kwana huɗu bayan nan masassara ta kada ni. Kai kamar zai rabe, baya da gwiwoyi na ciwo, ba na iya kallon haske. A likitar garinmu manjo, shugaban masu jinya, ya soki yatsana, ya ce ba palu ba ne. Na ce ya sake. Ya sake.

"Manjo, sauro ya cije ni, ka ba ni na palu kawai. Ciki gare ni."

"Don cikin ne ba zan ba ki maganin abin da ba ki da shi ba," in ji shi. Ya rubuta mini takardar zuwa likitar Keita. Daga Keita aka wuce da ni Tahoua.

Ƙarin ruwa, awon jini safe da marece, ana ɗora abin sauraro a cikina. Duk sanda suka ɗora, fuskar ungozoma nake kallo.

Wata likita ta zauna bakin gadona ta ce, "Bisashenku lafiya?"

Na yi mamaki. Ni ke kwance, awaki take tambaya. Na faɗa mata komai.

Ta ce sauro ba iri ɗaya ba ne. Na palu da dare yake cizo, shi sange ke tarewa. Akwai mai zanen fari a ƙafafu, yana cizo da rana, ƙwansa na jira a busasshiyar ƙasa har ruwa ya rufe ta. Akwai na ruwan ƙazanta. Waɗannan biyun su ke yawo da wata cuta tsakanin bisashe, masassarar kwarin Rif. Mutum yana ɗauka ta cizonsu, amma ya fi ɗauka ta jinin dabba mai cutar da abin da ta ɓarar.

Na dubi hannuwana.

Na ce, "To maganinta?"

Ta ce, "Babu nata na kanta. Za mu riƙe jikinki har ta wuce."

Kwana na uku motsin cikina ya tsaya. Tun kafin su faɗa na sani. Namiji ne. Sakamakon jinin da aka aika Yamai ya zo bayan an binne shi, kuma abin da likitar ta zata ne.

Mai gidana ya kira. Ya ce, "Ke dai kina nan?" Na ce ina nan. Ya ce alhamdu lillahi, muka riƙe waya har ta yanke.

Uwar mijina ta kwana tara a ƙasa kusa da gadona. Ranar sallama tana naɗe tabarma ta ce, "Ni na ce a yanka." Na ce, "Inna, ni na sa hannu." Ba mu sake tada zancen ba.

Yanzu na warke. Ina daka, ina ɗibar ruwa. Ɗiyana ba wanda ya kamu, ko da yake har yau ina taɓa goshinsu ba dalili. Na gode wa Allah. Na gode wa manjo da ya ƙi biye mini, da likitar, da 'yan uwa da suka haɗa kuɗin mota da na awo.

Mata 'yan uwana, ku ci gaba da sange. Amma in awo ya ce ba palu ba ne, kada ku koma gida ku sha na palu, ku faɗa wa likita halin da bisashenku ke ciki. In sun fara ɓari a jere, ku kira likitan dabbobi. Mai ciki kada ta taɓa. Nono a tafasa shi.

Dabbar da ta mutu ko take shirin mutuwa, a haƙa rami mai zurfi a rufe ta. Na san da zafi a binne nama a gidan talaka. Ni na binne abin da ya fi nama.