Sabiru Tela da Labarin Gaɓoɓinsa

A unguwar Anbariyya ta Madina aka haifi Sabiru tela, a nan kuma ya buɗe shago, 'yar tafiya kaɗan daga masallaci. Mahaifinsa mutumin Gumel ne da ya zo Hajji a ƙafa ta Sudan, ya ga Madina ya ce shi kam ya iso gida. Sabiru ya gaji tsayin uban, amma juriyar ba ta biyo shi ba. Ɗinkinsa ba abin kushewa. Matsalarsa ɗaya ce, kullum yana gab da mutuwa.

Idan ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon zuciya ne. Idan wuyansa ya riƙe, hawan jini ne. Zuwa shekarar 1979 ya gama zagaye likitocin da ya sani, kowanne kuma ya duba shi ya ce babu komai. Sai ya koma wa Baba Idrisa, wani dattijon wanzami ɗan Chadi da ke yin ƙaho a unguwar Azizya. Sau huɗu a wata biyu yana kai bayansa. A zuwa na biyar Baba Idrisa ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Sabiru, ba ni ƙara taɓa ka. Jinin da ya rage a jikinka na aiki ne."

"Baba, wallahi yau da gaske ne. Nan, ƙarƙashin kafaɗa."

"Zauna. Ka miƙe ƙafa, ka rufe ido."

Dattijon ya ce masa kullum bayan la'asar ya zauna haka. Ya fara daga babban yatsan ƙafa, ya hau a hankali har tsakar ka, yana jin abin da ke kowace gaɓa.

"Kada ka raɗa masa sunan ciwo," in ji shi. "Ka ce zafi, ko sanyi, ko nauyi, ko ɗaurewa, kalas, shi ke nan. Ka ja numfashi a kansa. Sannan ka tuna wa ka gani, me aka faɗa maka, kafin abin ya zo."

Washegari Sabiru ya tura keken ɗinki gefe ya zauna a kan tabarma. Bai kai gwiwa ba ya ji ƙafarsa ta hagu ta mutu. Ya kurma ihu cewa shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Maƙwabcinsa Abdussamad mai gyaran agogo ya shigo a guje, ya ɗaga shi, ya zaro babban almakashin da ya zauna a kai.

Amma bai fasa ba, kuma cikin mako uku ya fara gano abubuwa. Riƙewar wuyan nan ba ta zuwa sai ranar da wani mai kawo ɗinki, Alhaji Abdulsalam, ya shigo. Mutum ne da zai ce a saki hannun riga, gobe ya ce a tsuke, jibi ya rantse bai taɓa cewa a tsuke ba. Ashe haushi ne Sabiru ke haɗiyewa shekara shida yana kiransa hawan jini. Nauyin ƙirjin kuwa a gida ya kama shi. Ya tambayi 'yarsa Zulaiha da Hausa ko ta ci abinci, ta amsa masa da Larabci ba tare da ta ɗago kai ba, sai ga nauyin ya sauka kamar dutse daidai inda ya saba. Ya daɗe zaune yana jin sa. Daga baya ya kira ta ya ce, "Zulaiha, idan na yi miki Hausa, ki ba ni ko kalma ɗaya." Ta yi dariya ta ce, "To, Baba." Nauyin ya ragu da rabi.

Daga nan ne abin ya yi masa daɗi har ya wuce gona. Ya fara ba da rahoto a fili. Da Alhaji Abdulsalam ya dawo da rigarsa karo na uku, Sabiru ya rufe ido, ya shafa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ni ban ce komai ba, amma wuyana ya gaji da kai." Alhaji ya ɗauki rigar yadda take, bai sake kawo gyara ba.

A gida kuma matarsa Lauratu ce ta sha wahala. Ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa, ya ce ta dakata, yana jin wani ɗumi a cibiya, yana son ya gane ko godiya ce.

"Baban Zulaiha, yunwa ce," in ji ta. "Ka ci kafin ya huce."

Da zafin bazara ya tsananta, Abdussamad ya sa mukayyif a shagonsa, na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ke ɗiga ruwa a waje. A wannan makon ne Sabiru ya ji wani abu yana sukar sa a gefen dama, ƙasan ciki. Ya zauna bayan la'asar ya saurara, ya tuna abin da ya gani, ya yanke hukunci cewa hassada ce. Kwana biyu yana istigfari, abin sai ƙaruwa yake. Lauratu ta ce su je mustashfa, wato asibiti. Mutumin da a da atishawa ke kai shi gaban likita ya ce a'a, shi ya san jikinsa.

A rana ta uku ya lallaɓa shagon Abdussamad a dunƙule, gumi na zuba.

"Ɗan'uwa, ka yafe mini. Na yi maka hassada a kan mukayyif ɗin nan. Ga ta nan, tana ci na."

Abdussamad ya taɓa goshinsa ya ji kamar murhu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya cusa shi a mota. A ranar aka yi masa aiki. Wata 'yar jelar hanji ce ta kumbura, saura kaɗan ta fashe.

Baba Idrisa ya zo dubiya da dabino a leda. Ya zauna a bakin gado yana kallon sa.

"Na ce ka saurari jikinka, ban ce ka zama alƙalinsa ba. Abin da ya kwana biyu yana ƙaruwa, ga zazzaɓi a kai, ba naka ba ne, na likita ne."

Abdussamad da ke tsaye gefe ya ce, "To, ashe ba ka yi mini hassadar ba kenan?"

Sabiru ya rufe ido, ya saurari jikinsa. "Tana nan," in ji shi. "Amma 'yar ƙarama ce, a bayan kunne take."

Abdussamad ya yi dariya har ma'aikacin jinya ya leƙo ya ce su rage murya.

Sabiru ya ci gaba da ɗinki a wannan shagon har ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da idonsa ya daina ganin kafar allura, ya koma gidan da ya gina a unguwar Aƙiƙ. Zaman bayan la'asar bai bar shi ba, sai dai ya daina sanar da jama'a abin da ya samo. Lauratu kaɗai yake gaya wa, ita ma sai ta tambaya, kuma ba kullum take tambaya ba.