Goyon da Na Mayar wa Mai Shi a Calavi

Mun tashi da asuba daga Zongo, ni da 'yata da jikana, masu koko ma ba su gama hura wuta ba. Yaron yana bayana. Uwarsa tana biye da mu daga nesa, ta rufe baki da gyale.

Dalilin tafiyar shi ne tari. Ya daɗe yana damunta, sai aka ɗebi jininta a wani ƙaramin ɗakin awo na unguwa, aka ce tarin fuka ne. Daga ranar aka ware mata kofi, aka ɗaura wa kofin jan zare, aka raba ta da yaro, ya dawo ɗakina yana shan madarar gwangwani. Wata maƙwabciya ce ta ce mu je asibitin ƙirji da ke wajen Calavi, a sake dubawa.

Zem biyu muka hau zuwa tasha, wato 'yan babur masu rawayar riga. Nawa ya ce goyo ma fasinja ne, a ƙara masa kuɗi. Na ce to, idan mun isa ya tambayi fasinjan da kansa. Ya yi dariya ya bari.

A mota 'yata ta zauna bakin taga. Mun wuce masu sayar da fetur a manyan kwalabe, da mata 'yan Placodji ɗauke da kwandunan kifi. A Godomey motoci suka cushe, muka daɗe muna kallon tarin abarba a gefen titi, mai araha har na ji haushin wadda nake saye a Gbégamey. Yaron ya yi ta miƙa hannu wajen uwarsa, ita kuwa ta juya fuska tana kallon ruwan tafki.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu Bayarabiya ce, Hausarta ta kasuwa. Ta duba takardarmu, ta ajiye a hankali.

"Maman, wannan awon jini ba ya gane tarin fuka. Sojojin jiki yake nema. Yakan ce mai lafiya yana da ciwo, ya ce mai ciwo lafiya lau. Majinar ƙirji muke so, da hoto."

Aka ba 'yata ɗan gwangwani, aka tura ta ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta yi tari ta tofa majinar a ciki. Abin dariya, tarin da ya hana mu barci makonni, ranar ya ƙi zuwa. Sai da wani tsoho da ke jiran magani ya koya mata jan numfashi.

Kafin sakamako ya fito muka ci akasa, wato tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi a bakin ƙofa. Yajin ya sa ni hawaye, na ji daɗi da na sami abin ɗora wa laifi.

Bayan azahar aka kira mu. Babu tarin fuka. Likita ya ce hayaƙin itacen suyar ƙosan da take yi ne ya ɓata mata ƙirji, ya rubuta magani. Ya ƙara da cewa ko da ciwon ne, yana warkewa, kuma ba a hana uwa shayarwa.

Na ce, "Ai nonon ya ƙafe yanzu."

'Yata ta sunkuyar da kai. "Inna, bai ƙafe ba. Kullum ina tatsewa a ɓoye, don kar ya dawo ya tarar babu."

A nan kan benci na kwance zani na miƙa mata ɗanta. Ya ɗan kalle ta kamar mai fushi, sannan ya kama.

A hanyar dawowa mun sayi abarba har ta yi mana nauyi. Na koyi cewa duk mai dogon tari, a kai majinarsa inda ake awonta, kar a tsaya a kan jini. Mun shiga gida ana kiran magariba, yaro a bayan uwarsa. Na ɗauko kofin nan, na tsinke zaren, na zuba ruwa na sha, na miƙa mata sauran.