Ƙayar Lemon Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ta shekara talatin tana sayar da dashe a bakin titi, jikin katangar wani gareji. Baƙaƙen ledoji a jere, tiyo ɗaya mai yoyo, benci da bokiti, lambun ke nan. Hannayenta duk zanen ƙaya ne, bakinta kuma bai fi hannun laushi ba.

In mai saye ya yi ƙorafin wata shuka ta soke shi, sai ta ce, "Kai da kake da ƙafa, in an biyo ka ai gudu za ka yi. Ita ina za ta?" Daga nan ta shiga nuna masa makamin kowace: wannan ɗaci, waccan farin ruwa mai ƙona baki, wata gashi mai ƙaiƙayi, wata kuwa wari kawai take yi dabba ta juya. Wadda ba ta da ko ɗaya, Gwaggo kan ɗora ta kan bulo tana yi mata kallon tausayi.

Abu ɗaya ne ba na sayarwa ba, wani ɗan lemo a rabin duro. Mijinta ne ya yi masa aure 'yan makonni kafin ya rasu, ya ɗaura reshen lemon zaƙi a kan gindin lemon tsami. Shekara uku tana jiran 'ya'yan fari.

Ni tela ne, shagona na tsallaken titi. Da aka yi mata aikin ido, ni na karɓi ban-ruwa na kwana biyar. To, tela ba ya ganin zare ya yi tsiri ya ƙyale. Na tuna yadda take laluben lemon nan da hannu tun da idon ya raunana, sai na ɗauko almakashi na bi ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya ina datsewa. Har ja da baya na yi ina yaba aikina.

Akuyar mai gadin garejin ta daɗe tana zagaya lemon, tana tsinkar ganye ɗaya ta ja baya tana girgiza kai. Washegari da azahar ba abin da ya hana ta. Ta cinye ganyen, ta saɓule ɓawon har wajen ɗaurin.

Da Gwaggo ta dawo, ta shafa sandar lemon daga sama har ƙasa, ba abin da ya soke ta.

"Wa ya yi masa aski?"

"Ni ne, Gwaggo. Don kada ya ji miki ciwo."

"Ɗan nan, shekara uku yana sukata, ka taɓa jin na kawo ƙara?"

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan sati shida sai ga toho, kore shar, da ƙaya kamar allurar ɗinkin buhu. Na kira ta ina murna, "Gwaggo, ya farfaɗo!"

Ta durƙusa ta nemi inda ya ɓullo. Ƙasa da tabon ɗaurin ne.

"Na tsamin ne wannan," ta ce. "Na maigidana ya tafi."

Na ce bari in tumɓuke shi in nemo mata wani mai zaƙi. Ta buge mini hannu.

"Bar shi. Shi ya goya masa reshen shekara uku."

Har yau shi take fara ba ruwa kafin sauran, kuma har yau ba na sayarwa ba ne.