Malam Iro Na-Gani

Duk wanda ya yi makarantar makafi ta Tudun Wada ya san wannan tsawar: "Kai! Na gan ka!" Malam Iro ke nan, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa ganin ko tafin hannunsa ba. Yana shigowa aji zai daka ta, ko da kowa na zaune shiru, kuma kullum sai wani ya tona kansa. Bayan na zama malama na tambaye shi, "Malam, wai me kake ji ne?" Ya ce, "Ba na jin komai, Hanne. Aji ai ba ya rasa mai ƙuli a baki."

In ka tambaye shi tarihin makarantar, to nemi wurin zama. A faɗarsa, da gwamnati ta buɗe ta ɗaki biyu ne da bishiyar darbejiya, kuma shi ne ɗalibi na farko. Malam Sani, abokin karatunsa, ya ce haba Iro, ai mota ɗaya ta kawo mu. Malam Iro ya ce, "Ƙwarai! Amma wa ke bakin ƙofa? Ni na fara sauka." Har suka yi furfura ba su gama wannan musun ba.

Kun tuna shekarar da aka ƙara mana ajujuwa, aka zo yin fenti? Hedimasta ya ce ruwan ƙasa, Malam Iro ya ce kore ko a fasa. Ya hana taro tashi har aka kira azahar. Don a zauna lafiya aka yi koren. Ya zo ya shafa bango, ya shinshina, ya ce, "Ba wannan koren na ce ba."

Mai fenti ya ce, "Baba, wallahi kore ne shar!"

"Na ce irin na ganyen mangwaro."

"To, Baba, yaushe ka ga ganyen mangwaro?"

"Kai da kake ganinsa kullum, me ya tsinana maka?"

Sai zamanin kwamfuta mai magana. Ranar da aka kawo ta ya sa babbar riga, ya tsaya gabanta ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Malamin kwamfuta ya danna wani abu, ta ɓarke da Turanci ta hanci. Ya ce, "Ikon Allah! Ga baki har baki, ba gaisuwa. 'Yar gidan wa ce?" Bai sake taka ɗakin ba, amma shi ke kora yara ciki. "Ku je ku kwashe abin da ke kanta, kada dai ku ɗauko halinta."

Ni kuwa da taurin kan nan nasa na yi karatu. Ƙyanda ta tafi da idona ina ƙarama, Babanmu ya ce ko ƙofar gida ba zan leƙa ba, kada mota ta kaɗe ni. Malam Iro ya ji labari, ya zo har gidanmu a Kwangila. Baba ya ce, "Malam, yarinyar nan ba inda za ta."

"Madalla. Ni ma ba inda za ni."

Ya shimfiɗa buzu a zaure. Kullum aka tashi makaranta yana nan. A kawo tuwo ya cinye, ya aika ciki a gaya wa Inna daddawa ta yi kaɗan. In ya wanke hannu sai ya ɗauko takardunsa masu huji-huji, ya bi da yatsa yana karanta labarin wata kura da ta je aski, da ƙarfi, don ya san ina laɓe bayan ƙofa. Daidai wuri mai daɗi sai ya naɗe. Ran nan Baba da kansa ya kasa daurewa, ya ce, "To, sai wanzamin ya yi yaya?"

"Sai Hanne ta koya ta karanta maka."

Inna ta ce ko yarinya ta tafi, ko masara ta ƙare. Da safe Baba ya goya ni a kekensa sai makaranta. Da hannuna ya faɗa da karatu, na roƙi Malam labarin kurar. Ya ce, "Wace kura? Yarinya, takardar lissafi ce!"

Ranar da ya rasu, da aka ɗauke shi zuwa maƙabarta muna cikin gida da mata, sai na ji titi ya cika da ƙarar sanduna, kamar yayyafi a kan kwano. Ɗalibansa ne, manya da yara, daga gari-gari. Kusan kowannensu akwai zauren da Malam ya taɓa zama dominsa.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Amin.