Baƙin Zare a Kitson Yaya

Ni ke yi wa yayata kitso tun ina budurwa, duk mako biyu, a gindin darbejiyar gidanmu a Mawashi. Kan mace a wurinmu kullum cikin ɗankwali yake, daga ita sai mai kitsonta ke ganinsa. Shi ya sa ni kaɗai na ga ranar da mataji ya fara fitowa cike da gashi.

"Yaya, gashinki fa zuba yake."

"Ke Auta, rufa mini asiri. Tsufa ne."

Tsufa ina! Ko arba'in ba ta yi ba. Amma na ja bakina. Na je Kankia na sayo baƙin zare, ina cusawa cikin kitson don ya yi kauri. Hannuna kuwa ya faɗa, ko mijinta bai gane ba. In ɗankwalinta ya zame a gidan biki mata har yabawa suke, ni kuma sakarya ina jin daɗi.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Daka ya gagare ta. In ta ɗaga taɓarya sau biyar sai ta zauna tana haki. Tafin hannunta ya yi fari fat. Muka bar shi a gajiyar girbi. Fatar kanta sai ƙara bayyana take, ni sai ƙara zare nake.

Sai da ƙafafunta suka kumbura aka kai ta asibiti a Kankia. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ja fatar idon Yaya ta duba. Ta ce jini ya daɗe yana ƙarewa a jikinta, har abin ya taɓa zuciya. Ta zame mata ɗankwali, ta shafa kitson, ta ji zare.

"Tun yaushe gashin ke zuba?"

"Ya fi shekara," na ce.

"Da tun lokacin kuka zo..." Ba ta ƙarasa ba. "Wa ke mata kitso?"

Yaya ta riga ni. "Kar ki ga laifinta, likita. Ni na roƙe ta."

Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abinsa. Ba na jayayya da hukuncinsa, amma wallahi har yau haushin kaina nake ji.

Wurin wanka gwaggonmu ta ce in kwance kitson, in raba gashin uku, kamar yadda ake yi wa mace kafin a sa ta a likkafani. Na cire zaren tas. Na raba, na sake rabawa. Bai kai uku ba.